Shekarar da Na Cinye Irina

Na san abin da kuka ji game da wannan shekara, domin har jikokina sun fara maimaita shi. An ce babanku ya sa aka daka irin shukarsa aka tuƙa tuwo da shi ana dab da saukar damina. Wasu sun ce yunwa ce ta sa. Wasu sun ce yayana, Baba Gado, shi ne ya ƙure ni har na yi abin da mai hankali ba ya yi. Cin irin gaskiya ne, kun ci tare da ni, ko da yake yawancinku ba ku san abin da ke cikin akushin ba. Dalilin ne aka karkatar. Na yi rayuwata ina karanta labarai a gidan rediyo, inda aka koya mana mu faɗi abin da ya faru bi da bi, mu bar mai sauraro ya yi hukunci. Haka zan yi muku a nan.

A gidanmu na Filinge, tun zamanin kakana, irin hatsi ɗaya ne. Kowane magidanci yana da gonarsa da rumbunsa da hauyarsa, amma iri yana cikin wani ƙaramin rumbu na daban a bayan ɗakin babban gida, kuma babban gida kaɗai ke buɗe shi. Da kaka kowa zai zaɓo zangarniyoyi mafiya kyau daga gonarsa ya kawo a zuba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa zai zo da ƙwarya a auna masa. Akwai kuma wata al'ada da ban ga irinta a gidajen maƙwabta ba: duk amaryar da aka kawo gidanmu takan zo da tafi ɗaya na irin gidan ubanta, ta ba babban gida, shi kuma ya zuba cikin rumbun da hannunsa. Innarku ta kawo nata daga Bonkuku, wani hatsi jaja-jaja mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsaye ba sa son sauka a kansa. Doka ɗaya ce ke tsare wannan rumbu: ba a auna wa mutumin da ke da wani iri a ɗakinsa.

Ni kuwa na yi nawa. Lokacin da nake gabatar da shirin manoma, ma'aikatan gona suka kawo wani iri mai saurin nuna, suka roƙi in yi bayaninsa ga jama'a. Na ga bai dace in yaba wa mutane abin da ban gwada ba, sai na shuka shi a gonata ta gefen dutse, wadda ke nesa da sauran gonakin gida. Ya yi kyau ƙwarai. Shekaru da dama ku ne yaran farko a unguwa da ke fitowa da tumu a hannu, sauran yara na binku suna roƙon a gutsura musu. Ina ajiye irina daga cikin abin da na girbe, na daina zuwa da ƙwarya, ba wanda ya ce mini uffan. Ba mu yi faɗa da kowa ba. Na yi nawa ne kawai.

Sai aka yi wata damina wadda ruwa ya ɗauke a tsakiyarta, daidai lokacin da hatsina ke fitar da kai. Irina duk lokaci guda yake fure, saboda haka lokaci guda ya ƙone. Gonakin ƴan'uwana sun sha wuya su ma, amma na je na duba da idona: a cikin kowace akwai tsirran da suka dakata, suka jira ruwa ya dawo, sannan suka cika. Ban san wannan hali a irin gidanmu ba sa'ad da nake shuka shi. Na sami abin da na samu, na ware ɗan iri kamar kullum, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Da bazara ta matso sai na tafi wurin Gado, wanda shi ne babban gida a lokacin, na same shi yana gyaran igiyar rijiya a zaure.

"Yaya, bana ina so a auna mini daga na gida. Zan shuka rabi da shi, rabi da nawa."

"Akwai iri ɗakinka?"

"Ka san akwai."

"To mi kaka nema wurina? Kai da ka gaya ma duniya duka yadda aka shibka."

"Ba wasa na zo yi ba, Yaya. Ƴan tiyoyi ne kawai."

"Ni ma ba wasa nika yi ba. Ba a ba mai iri. Haka munka tarad da shi."

"In babu fa, za a ba ni?"

Ya ja igiyar ya gwada ƙullin, bai dube ni ba.

"Bara ba a zuba da yawa ba. Ranar ruwa ta zo mu gani."

Wannan ita ce hanawar da ake ba ku labari. Na koma gida da zafi a raina, ina ganin taurin kai ne na tsoho wanda bai taɓa tambayar dalilin doka ba.

A cikin waɗannan makonni ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu a ƙaramin gidan rediyonmu abin da ya iso mana shi ne umarni ɗaya: taken da muke buɗe kowane shiri da shi yana ɗauke da wata kalma ta kirarin gwamnatin da aka kifar, a cire ta kafin a sake buɗe tasha. Yayarku Salamatu ce ke riƙe da na'urar tashar a lokacin. Ta gama karatun ordinateur, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo gida, ta rubuta mana wani tsari da ke sa na'ura ta kunna taken kowane shiri da kanta idan lokacinsa ya yi. Daraktanmu, mutum mai fara'a amma mai saurin gumi, ya shigo da safe yana goge wuya da hankici.

"Ƴar Malam, shirye-shiryen nan duk sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya? Ni fa ba na son mota mai launin ƙasa ta tsaya a ƙofar nan."

"Wuri ɗaya zan taɓa, ranka ya daɗe. Duk za su canza."

"Wuri ɗaya? Allah ya sa ba irin wuri ɗayan makanikai ba ne."

Na karanta sabon taken, aka naɗa, ta saka shi, ta buga ƴan haruffa. Sannan muka zauna a ɗakin naɗi muna gwadawa, ba a kan iska ba. Shirin lafiya ya buɗe da sabon take. Shirin mata ya buɗe da sabon take. Labarin kasuwanni, gaishe-gaishe, shirin makiyaya, duk sabo. Na yi shekaru ina ganin yadda ake yanke faifai da reza ana liƙawa, shiri bayan shiri, yini guda cur. Yau yarinyar da na goya ta taɓa wuri ɗaya, murya ta sauya a ko'ina. Sai aka zo kan shirin manoma, nawa. Gurmi ya kaɗa, tsohuwar muryata ta fito da ƙarfi, ta faɗi kirarin nan da aka hana, sannan ta gaishe da manoman ƙasarmu ta Kurfai.

Darakta ya miƙe tsaye.

"Malam! Ashe kai ne ɗan tawayen tashar nan? Duk shirye-shirye sun yi mubaya'a sai naka?"

Salamatu ta duba, ta yi dariya har ta rufe baki da gyale.

"Baba, ka tuna bara ka ce in sa wa shirinka takensa na kansa, mai gurmi?"

"Na tuna. Amma kin ce kin canza na kowa."

"Na canza na tushe. Naka bai tambayi tushe ba."

Na ce ta yi mini bayani yadda zan iya karanta shi ga mai sauraro a ƙauyen Damana ya gane, domin wannan ne ma'aunina ga kowane ilimi. Ga abin da ta nuna mini, kuma na riƙe shi kamar yadda ta faɗa. A cikin tsarin akwai siffa guda da aka rubuta sau ɗaya, wadda ke cewa mene ne shiri. Ita suke kira classe, ni na kira ta tushe. Daga wannan siffa ake fitar da kowane shiri ɗaya ɗaya. Akwai kuma gurabe masu suna da ake ajiye abu a ciki. Wani gurbin a jikin tushe yake, guda ɗaya tak, kowa daga shi yake ɗauka. Shi ne variable de classe, kamar taken tasha. Wani gurbin kuma kowane shiri yana da nasa daban, kamar sunan shirin da mai gabatar da shi da lokacinsa. Shi ne variable d'instance. Ta ce a makaranta ta taɓa sa sunan mai gabatarwa a jikin tushe, sai duk shirye-shiryenta suka zama na mutum ɗaya, ta canza wa ɗaya, kowa ya canza. Saboda haka kowane abu yana da inda ya dace ya zauna.

"To ni me ya sami nawa?"

"A yaren na'urar da na rubuta wannan da shi, Baba, idan na'ura na neman take, jikin shirin take fara dubawa. In ta samu, ta tsaya nan. In ba ta samu ba ne take hawa zuwa tushe. Ranar da na rubuta maka naka da suna iri ɗaya, ya tsaya a gaban na tushe ya rufe shi. Na tushen yana nan, bai je ko'ina ba. Kai ne ba ka ganinsa."

"Sai ki kwafo sabon ki zuba a gurbina."

"Zai yi yau. Gobe in an sake canzawa, kai kaɗai za a sake bari a baya. Kwafi ba ya jin labari."

Darakta ya ce, "Kuma a ƙasar nan ana sake canzawa, ƴata."

"To yaya za a yi?" na tambaya.

"Share naka za a yi. Ba abin da za a zuba. In gurbin ya tafi, na'ura za ta duba ba ta samu ba, ta hau sama da kanta."

Ta goge layi ɗaya. Ba ta ƙara ko harafi ba. Ta sake kunna shirin manoma, sai ga sabon take ya fito, wanda ba wanda ya taɓa saka shi a cikin shirina. Darakta ya sauke ajiyar zuciya ya fita neman shayi. Ni na tsaya tare da Salamatu. Na sa ta maimaita mini: ta mayar da layin, tsohon take ya dawo, ta goge, sabo ya fito. Abin da ya cika ni da mamaki shi ne cewa rashi ne ya kawo shi. Duk tsawon shekarar nan taken tushe yana tsaye a bayan nawa, yana jiran a matsa masa.

A kan hanyar gida na tsaya a inuwar wani gawo na fara lissafa matan da aka kawo gidanmu tun da na daina zuwa da ƙwarya. Matar ɗan Gado daga arewa take, ƙasar da ruwa ke ɗaukewa kusan kowace shekara. Wata daga wajen Damana. Wata ƴar makiyaya ce da suka zauna suka kama noma. Kowace ta zo da tafinta, Gado ya zuba, iska ta gauraya furen a gonaki, da kaka aka zaɓo waɗanda suka tsira aka mayar. Irin gidanmu ya sauya a wuri ɗaya, ya sauya a kowace gona, ba sanarwa, ba taro. Gado kansa ba zai iya gaya muku ranar da hatsin gida ya koyi jiran ruwa ba. Gonata kaɗai labarin bai kai ba, domin duk shekara in na miƙa hannu, nawa nake fara tararwa. Kuma ƴan tiyoyin da na je roƙo kwafi ne. Da ya ba ni, da na shuka su gefen nawa, na ajiye iri daga abin da ya fito, na ci gaba da zama ni kaɗai da wani tsohon labari.

Na sami innarku tana tankaɗe a tsakar gida.

"Irin nan da ke cikin tulu, an sa masa magani?"

"Ba a sa ba tukuna. Kai ka ce a bari sai hadari ya fara."

"Gobe a daka shi."

Ta ajiye rariya.

"Malam, rana ta taɓa ka ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Yaya Gado ya ce zai ba ka?"

"Bai ce ba."

"Bai ce ba, kuma in daka. In ruwa ya sauka ya ce rumbu bai kai ba, mi za mu shibka? Muryarka?"

Na gaya mata abin da na gani a tasha, da tushe da gurbi da layin da aka goge. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita ba ta san na'ura ba, amma ta san ƴaƴa nawa ke cin tuwo a gidan nan. Ta ce in ɓoye irin a gidan wani abokina in je in ce babu. Na ce idan Gado ya tambaye ni zan amsa da bakin da nake karanta labarai da shi. Washegari da hantsi na ji ƙarar turmi, kuma na san ba ta taɓa daka wani abu da irin wannan fushi ba.

Mun ci shi a hankali, tuwo da kunu. Labari ya fita, kamar yadda ya saba fita daga bakin rijiya. A kasuwa wani dattijo da ke sauraron shirina ya tare ni a gaban jama'a ya ce, "Mai rediyo, irin da ka ce mu saya, ashe na miya ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Na gaya masa irin yana da kyau ga wanda ba shi da rumbu irin namu, kuma har yau haka na yarda. Amma kwanakin nan sun yi mini nauyi. Hadari yakan haɗu a gabas ya watse. Ina wucewa ta gaban tulun nan, ina jin yadda yake amsa sauti idan gefen rigata ya taɓa shi. Gado ya ji labari tabbas, bai aiko ba, bai tambaya ba. Idan muka haɗu a masallaci sai gaisuwa.

Da ruwan ya sauka, ya sauka sosai. Da safe ƙasa ta yi laushi har ƙafa na nutsewa, ƙamshinta ya cika gari. Na ɗauki ƙwarya na bi bayan ƙannena da ƴaƴan yayyena zuwa bayan ɗakin Gado, ni da furfurata a cikin layi. Ba wanda ya dube ni kai tsaye. Na leƙa rumbun da aka buɗe, na ga lallai bai cika ba. Yana auna wa kowa, yana ragewa kaɗan daga abin da aka saba. Da na iso gabansa sai ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa.

"Akwai iri ɗakinka?"

"Babu."

Ya ɗaga murya zuwa inda mata suke tsaye.

"Ke ƴar Bonkuku, gaskiya ne?"

"Ni na daka shi da hannuna, Yaya. Har yanzu kafaɗata na ciwo."

Ya sunkuya ya ɗebo, ya zuba mini daidai da na kowa. Na buɗe baki zan yi godiya, ya katse ni.

"Godiyar mi? Rabon gonar dutse kowace shekara muna auna shi. Mu jira, ba ka zo ba, mu maida. Matsa, akwai mutane bayanka."

Na fita da ƙwaryar a hannu biyu. Sai da na kai bakin gona na zauna a kan dutse. Na duba ƙwayoyin: fari, rawaya, toka-toka, jaja-jaja, manya da ƙanana, ba biyu da suka yi kama sosai. Gidaje nawa ne a cikin ƙwaryar nan, ban sani ba.

Ba zan ce muku ban yi asara ba. Daga wannan shekara ba ku sake zama yaran farko masu tumu ba, kuma na tuna ƙaninku Isufu ya yi kuka a kan haka. Hatsin gida ba ya nuna lokaci guda, girbinsa yana da wahala, kuma a shekarar da ruwa ya zo daidai ba ya kai yawan wanda na cinye. Wasu masu saurarona ba su sake ɗaukar maganata da nauyin da ba. Akwai kuma abubuwan da na riƙe nawa, domin nawa ne ya kamata su zama: iyakar gonata, tazarar da nake bari tsakanin ramuka, yarjejeniyata da makiyayin da ke kwantar da shanunsa a gonar da rani. Waɗannan ba su taɓa shiga rumbun Gado ba, kuma bai taɓa nema ba. Iri kaɗai na mayar inda yake. Yanzu Gado ya rasu, rumbun yana hannuna, kuma duk wanda ya zo da ƙwarya a cikinku zai ji tambayar nan daga bakina. Kada ku ɗauka ƙeta ce.

Da kakar shekarar da na cinye irin, innarku ta kawo mana fura gona. Ta ajiye ƙwarya, ta shiga cikin hatsi tana dubawa, har ta ɓace mini. Can sai na ji ta kira ni, da wata murya da ban ji ba tun tana amarya. Na same ta riƙe da wata zangarniya jaja-jaja mai gashi, tana shafa ta da yatsa.

"Malam, ka ga wannan? Na gidan babana ne."

"Kin tabbata?"

"Ni da na ɗauro shi a bakin zane? Na ɗauka ya ɓace."

"Yana nan tun ranar da kika kawo shi."

Ta karya ta, ba ta sa a cikin dami ba. Ta kai wa Gado da kanta.